Akwatin da ba shi da allo: girka Debian ta bakin siriyal a wata makarantar ƙauye a Jigawa

Makarantar sakandare ce ta jeka-ka-dawo a wani ƙauye na masarautar Gumel. Tana da ɗakin kwamfuta da 'yan laftof, tana da wutar sola, amma intanet sai an fita bakin titi ake samun ta da ƙarfi. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaron da bai saba da linzami da madannai ba kuwa tun kafin ya zauna an riga an ci shi rabi. Shi ya sa aka yanke shawarar ajiye ƙaramar saba a ɗakin, wato kwamfutar da sauran za su riƙa ɗauko bayanai daga cikinta, ta riƙe Wikipedia ta manhajar Kiwix da tambayoyin gwaji, yara su riƙa shiga ba tare da an sayi data ba.

Akwatin da aka samu apu2 ne, ƙirar kamfanin PC Engines na ƙasar Suwizalan. Ya dace da ƙauye: ba shi da fanka da za ta zuƙi ƙura, yana aiki da bolt 12, cinsa tsakanin wat 6 ne zuwa 12, ƙwaƙwalwarsa AMD GX-412TC ce, da RAM gigabait 4. Abin da ba shi da shi shi ne inda za a jona allo. Babu VGA, babu HDMI. Hanya ɗaya ce ake magana da shi kafin a girka masa komai: bakin siriyal mai fil tara da ke bayansa, wanda ake kira DB9. Babbar manhajar da aka zaɓa Debian 12 ce, wadda ta fito ranar 10 ga Yunin 2023. An kwafo hoton DVD na farko a Kano, mai nauyin kusan gigabait 4, don kada a dogara da netwok ɗin ƙauye, aka buga shi a filash. Injiniya ɗaya ya zo da kayan, malamin kwamfuta na makarantar yana taya shi. An ware wa aikin awa biyu. Ya ci kwana biyu, a tsakiyar zafin Afrilu.

Kafin a shiga bayanin abin da ya faru, akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin kusan duk wahalar daga nan ta taso. Bakin siriyal ba allo ba ne. Allo yana nuna duk abin da kwamfuta ta zana, ko wace manhaja ce ta zana shi. Siriyal kuwa sai manhajar da ke riƙe da na'urar a wannan lokacin ta san da zamansa, ta kuma san gudun da za ta yi magana da shi. Daga kunnawa zuwa wurin sa sunan shiga, hannu biyar na'urar take bi: coreboot da SeaBIOS, manhajojin farko da ke cikin bod ɗin, wato BIOS ɗinsa, sai mai tayarwa, wato ISOLINUX a kan filash ko GRUB bayan an girka, sai kanel ɗin Linux, wato zuciyar babbar manhajar, sai manhajar girkawa, sai getty mai tambayar suna da kalmar sirri. Kamar zaurukan gidan sarauta ne: gaisuwar da ka yi a zauren farko ba ta isar maka a na biyu. Saboda haka idan rubutu ya tsaya, tambayar farko ita ce wane layi ne na ƙarshe da ya fito, domin shi ke nuna a hannun wa maganar ta yanke.

Kebul

An jona adaftar USB zuwa siriyal a laftof ɗin malamin, mai Windows, aka buɗe PuTTY, manhajar da ke nuna abin da ya zo ta siriyal, aka kunna akwatin. Fitilunsa suka kama. A allo kuwa ko ɗigo babu.

Injiniyan ya yi abin da ya kamata. Ya zare kebul daga akwatin, ya lanƙwasa ɗan guntun waya ya haɗa rami na 2 da na 3 a bakin kebul ɗin, ya ce wa malamin ya danna haruffa. Duk abin da ya danna ya dawo a allo. Wannan gwajin yana tabbatar da cewa adafta na aiki, direbanta ya hau, an zaɓi COM ɗin da ya dace, wayoyin kuma ba su tsinke ba. Sai dai akwai abu biyu da ba ya iya gani, kuma a nan aka yi asarar kusan awa guda ana zargin akwatin ya mutu a hanya. Ba ya ganin gudu, tunda adafta da kanta take magana. Ba ya kuma bambance kebul miƙaƙƙe da mai giciye, domin in ka haɗa 2 da 3 a ƙarshe, ko wanne iri ne saƙon zai zagayo.

A tsarin RS-232, kwamfuta tana aikawa ta fil na 3, tana saurara ta fil na 2, na 5 kuma shi ne ƙasa. Adafta haka take, apu2 ma haka yake. Dukansu maza ne, wato masu fil ba masu ramuka ba, dukansu ta 3 suke magana. In aka haɗa su da kebul miƙaƙƙe, baki ya haɗu da baki, kunne ya haɗu da kunne. Abin da ake buƙata shi ne kebul mai ramuka a ɓangarori biyu wanda 2 na nan ke zuwa 3 na can, wanda 'yan kasuwa suka sani da nul modem. Matsalar ita ce a ido babu bambanci tsakaninsa da miƙaƙƙen, kuma sau da yawa mai sayarwa ma bai sani ba.

Mita ce ta raba gardama. Aka mayar da kebul jikin akwatin yana kunne, aka sa mita a ma'aunin DC, baƙin tsinke a rami na 5 na ɗaya bakin, ja a rami na 2: sifili. Aka matsa rami na 3: wuta ta nuna da alamar ragi. Layin aikawa na RS-232 idan yana zaune ba ya aika komai, a ƙasan sifili yake tsayawa, galibi tsakanin bolt 5 da 12 na ragi. Wato akwatin yana da rai, yana ta magana tun ɗazu, a wayar da ba a saurara. Mai yin wannan gwaji ya lura da lambobin da aka buga ƙanana a jikin robar, domin jerin ramukan mace juyin na namiji ne, kuma da yawa sukan ƙirga daga ɓangaren da ba shi ba.

Komawa Kano saboda kebul ɗaya ba magana ba ce. Aka hau babur zuwa kasuwar gari mafi kusa, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Injiniyan ya ce, “Baba, yanka za ka yi a tsakiya, waya biyu za mu musanya.” Dattijon ya feɗe robar, wayoyi tara masu launi daban-daban suka fito, ya tambaya ko ja da ruwan ɗorawa ne. Ba a bi launi ba, kuma daidai ke nan: babu wata ƙa'ida ta launin wayoyin cikin waɗannan kebul, kowane kamfani da nasa. Da mita aka bi su ɗaya bayan ɗaya har aka ware ta 2, ta 3 da ta 5 a kowane gefe. Ya gicciya biyun farko, ya haɗa ta biyar kai tsaye, ya ɗiga dalma, ya naɗe kowace da salatif. Sauran shidan aka datse aka bar su. Waya uku sun isa aikin, amma barin shidan nan zai dawo ba da jimawa ba.

Gargaɗi ɗaya a nan. Akwai ƙananan adaftoci marasa bakin DB9, masu tsinkayen waya, da ake amfani da su wajen Arduino da gyaran rauta. Waɗannan da bolt 3.3 ko 5 suke aiki, siginarsu kuma a juye take idan aka kwatanta da RS-232. Ba sa karanta wannan bakin, kuma wutar ragin da ke fitowa daga cikinsa tana iya ƙona su.

Gudu, da madannai da suka ƙi ji

Da aka dawo aka kunna, allo ya cika da tarkacen alamomi marasa ma'ana. Wannan labari ne mai daɗi, domin yana nufin waya ta haɗu. PuTTY da 9600 yake buɗewa, apu2 kuma da 115200 yake magana, bit 8, babu fariti, bit ɗin tsayawa ɗaya, abin da ake taƙaitawa 8N1. Aka gyara lambar, aka sake kunnawa, sunan PC Engines apu2 ya fito tar, da layin da ke cewa a danna F10.

A nan injiniyan ya koma kan laftof ɗinsa mai Linux, saboda yana son duk abin da ya gilma a ajiye shi a fayil:

minicom -D /dev/ttyUSB0 -b 115200 -C apu.log

Rubutu yana zuwa, amma F10 ta ƙi shiga. Ba ita kaɗai ba, babu madannin da ke shiga. Minicom yana zuwa da Hardware Flow Control a kunne, ma'ana ba zai aika ko harafi ɗaya ba sai ya ga izini a layin CTS, fil na 8, wanda yana cikin wayoyi shidan da aka datse a kasuwa. Ctrl-A sannan O, a shiga Serial port setup, a danna F ya koma No, a adana. Ko da kebul ɗin kanti ne mai waya tara, kashe shi ake yi, domin bakin apu2 ba ya buƙatarsa. Bayan wannan sauran madannai suka shiga, F10 kaɗai ta rage, ita kuma tagar GNOME Terminal ce ke cafke ta don buɗe nata jerin. A saitin tagar ake cire wannan.

Jerin F10 ya nuna filash, ya nuna faifan mSATA, da setup, da memtest mai gwada lafiyar RAM. Ganin faifan a nan yana da muhimmanci. Bod ɗin yana da ramuka uku masu kama ɗaya, guda ne kawai aka rubuta wa mSATA, sauran biyun na katin Wi-Fi da makamantansa ne. Faifan da aka soka a ramin da ba nasa ba zai zauna daram amma ba zai taɓa bayyana ba.

Lamba 314

Aka zaɓi filash. Jerin zaɓin Debian ya fito, a ɗan karkace amma ana karantawa. Malamin da injiniyan suka tsaya suna shawarar wanne za a ɗauka, kafin su ankara jerin ya ɓace da kansa. Debian 12 tana jira daƙiƙa 30, in ba a taɓa komai ba sai ta tayar da girkawa mai magana da murya, saboda makafi. Tsari ne mai kyau, amma a akwatin da ba shi da lasifika, kamar mutuwa yake. Da jerin ya fito, a danna kibiyar ƙasa nan take don ƙirgen ya tsaya.

Karo na biyu aka sauka kan Install, aka bar Graphical install tunda babu allon da zai zana a kai, aka danna Enter. Sai ga wannan:

Undefined video mode number: 314

Aka danna sarari kamar yadda ya nema. Daga nan shiru, kamar an shuka dusa.

Wannan shirun shi ne ya fi rikita mutane, kuma dalilinsa wata kara ce da SeaBIOS ke yi. A apu2, duk rubutun da wata manhaja ta nemi BIOS ya buga a allo, SeaBIOS yana kwafe shi ya tura ta siriyal. Shi ya sa ISOLINUX ya bayyana alhali babu wanda ya gaya masa akwai siriyal. Mutum sai ya ɗauka an gama, komai zai ci gaba da fitowa haka. Amma da kanel ya miƙe tsaye, ya daina bi ta BIOS, da kansa yake riƙe kayan na'ura. In ba a gaya masa ba, allon da babu shi yake rubuta wa. Ita kuwa 314 ba wata lambar ɓarna ba ce: 788 ce a ƙirgen goma sha shida, kuma vga=788 na cikin layin da Debian ke tayar da kanel da shi, tana neman yanayin hoto a na'urar da ba ta da katin hoto.

Gyaran a jerin Debian ake yin sa. A tsaya kan Install, a danna Tab maimakon Enter, layin zai fito:

/install.amd/vmlinuz vga=788 initrd=/install.amd/initrd.gz --- quiet

Injiniyan ya mayar da vga=788 zuwa vga=off, ya rubuta console=ttyS0,115200n8 a bayansa, ya goge quiet don ya ga duk abin da kanel ke faɗa. A lura da rubutun: S babba ce, abin da ke biye da ita sifili ne, babu sarari bayan waƙafi. ttyS0 shi ne bakin farko, COM1 a yaren Windows. Wanda ya rubuta console=ttyS0 kawai bai sa gudu ba, kanel zai ɗauki 9600, sai rubutu mai kyau ya rikiɗe ya koma tarkace a daidai lokacin da kanel ya karɓa. Idan kuma aka sa console= sau biyu, na ƙarshen ne manhajar girkawa za ta bi.

Ya danna Enter, saƙonnin kanel suka zubo, tambayar harshe ta fito. An yi murna. Amma inda ya ajiye console= ɗin, kafin gajerun layukan nan uku (---), kuskure ne da ba zai nuna kansa ba sai gobe.

Manhajar girkawa ta Debian idan ta ga siriyal, a cikin GNU screen take buɗewa, da tagogi huɗu a jere a layi guda: ta 1 girkawa, ta 2 da ta 3 wurin buga umarni, ta 4 rahoton abin da ke gudana. Da Ctrl-A da lamba ake sauyawa. Sai dai minicom ma Ctrl-A ne mabuɗinsa, shi zai fara cafkewa. Sai an danna Ctrl-A sau biyu sannan 4. Wanda ke amfani da screen a laftof ɗinsa, Ctrl-A, sai a, sai 4. Tagar laftof kuma kada ta gaza harafi 80 a faɗi da layi 24 a tsaye. In gefunan akwatunan tambaya suka fito da haruffa irin lqqqk a maimakon layi, kwalliya ce kawai ta ɓaci, aiki bai taɓu ba.

Akwatin da ke komawa farko

An raba faifai, an fara zuba manhajoji. Bayan la'asar, ana tsakiyar aiki, sai sunan PC Engines apu2 ya sake fitowa a allo. Akwatin ya tashi daga farko. Aka sake komai. Wajen ƙarfe biyar da rabi ya maimaita, a wani mataki daban.

Fayil ɗin apu.log ne ya rage yawan waɗanda ake zargi. Adaftar daga laftof take shan wuta, don haka ba ta daina rubutawa ba ko da akwatin ya ɗauke. A duka karo biyun, rubutun girkawa yana tafiya lafiya, sai kawai sunan coreboot ya biyo baya. Kanel idan ya faɗi, yakan bar wasiyya: layuka masu yawa da kalmar panic a ciki, kuma tunda an ba shi siriyal, da a nan za su fito. Filash mai matsala kuma jan allo yake kawowa da ƙorafin an kasa karanta wani fayil, ba ya tayar da na'ura. Mutuwar da babu sallama, wuta ce ko zafi, ko kuma RAM.

An bar memtest na jerin F10 ya zagaya sau ɗaya, bai sami komai ba. Zafi abin zargi ne na gaske a Afrilu, lokacin da ɗaki mai rufin kwano ke wuce digiri 40. Ƙwaƙwalwar apu2 a ƙasan bod take, wata 'yar shimfiɗa mai laushi da farantin alminiyam ne ke kai zafinta jikin akwatin, akwatin kansa shi ne abin sanyayawa. Wanda ya ciro bod ya kunna shi tsirara a kan tebur yana iya kashe shi. Aka taɓa ƙasan akwatin, da ɗumi sosai, alamar zafin yana fita ta inda ya kamata. Kuma da zafi ne, da tsakar rana zai fi yi, ba da yamma ba.

Mai gadin makarantar, wanda ke zaune bakin ƙofa yana kallonsu tun rana, shi ya warware. Ya ce, “Injiniya, ni dai na ga duk sanda aka kunna famfon burtsatse ƙwan nan sai ya ƙifta.” Famfon da ke tura ruwa tanki a kan inbata ɗaya yake da ɗakin kwamfuta, kuma da yamma ake kunna shi, lokacin da rana ta yi sanyi, faranti sun rage bayarwa, nauyi ya koma kan baturan da suka kwana biyu. Injin irin wannan a daƙiƙar tashinsa yana jan wuta ninki biyar ko fiye na abin da yake ci idan ya daidaita. Inbata ta durƙusa na ƙiftawar ido. Laftof bai ji ba, tunda yana da batir a cikinsa, wannan ne ma ya sa ba a zargi wuta da wuri ba. 'Yar cajar bolt 12 ta akwatin kuwa ba ta da abin riƙe shi. Aka ce a kunna famfon ana kallo. Fitilun akwatin suka ɗauke suka dawo.

Washegari da safe aka raba shi da inbata gaba ɗaya. Aka samo batirin UPS mai bolt 12, 7Ah, cikakke, aka sa fis na amfiya 2 a wayar ja. Bakin wutar apu2 mai tsinken milimita 2.5 ne, tsakiya ita ce mai alamar tarawa, kuma sai da aka auna da mita kafin a soka. Lissafin mai sauƙi ne: 12 sau 7 ya ba da 84, a raba da wat 12, awa bakwai a takarda, batirin dalma ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, saura awa uku da rabi, ya ishi girkawa har da ragi. Wannan dabarar ta wucin gadi ce da batirin da ba ya kan caji. Batirin sola yana haura bolt 14 idan rana ta take, saboda haka zaman dindindin sai da ɗan na'urar daidaita wuta mai fitar da 12 tsayayye a tsakani.

Ba a ɗora a kan ragowar jiya ba, an sake goge faifan. A wurin zaɓen faifai an bi girma da suna, ba sda ko sdb ba, domin filash da mSATA suna iya musayar waɗannan sunaye. A wurin zaɓen manhajoji, hoton DVD yana zuwa da alama a kan Debian desktop da GNOME. Aka cire su da madannin sarari, aka sa wa SSH server, mai ba da damar shiga na'urar ta netwok, aka bar standard system utilities. GRUB aka nuna masa mSATA da hannu. Bai kai awa guda ba aka gama.

Gajerun layuka uku

Aka zare filash, akwatin ya tashi. GRUB ya fito, ya ƙirga, ya rubuta Loading Linux 6.1.0, ya rubuta Loading initial ramdisk. Shiru.

Malamin ya ce, “Injiniya, ko dai sake girkawa za mu yi?” Da yawa haka suke yi, su sake sau uku, su sami abu ɗaya sau uku. Layin ƙarshe na GRUB ne, ke nan GRUB ya gama nasa, kanel ne bai san da siriyal ba, irin shirun jiya sak. Na'urar kuwa tana can ta tashi lafiya.

Layukan nan uku, ---, iyaka ce. Abin da aka rubuta kafin su na zaman girkawa ne kawai. Abin da aka rubuta bayansu kanel ɗin girkawa yana jin sa, sannan manhajar girkawa tana kwafe shi ta sa wa tsarin da aka girka. Da layin ya kasance haka tun farko, da wannan shirun bai faru ba:

/install.amd/vmlinuz vga=off initrd=/install.amd/initrd.gz --- console=ttyS0,115200n8

Gyaran bai kai minti biyar ba. A jerin GRUB a danna e, a gangara layin da ya fara da linux, a ƙara console=ttyS0,115200n8 a ƙarshensa, a danna Ctrl-X. Wurin sa suna ya fito, domin systemd, mai tayar da sauran manhajoji bayan kanel, idan ya ga console= na siriyal a layin kanel, da kansa yake tayar da getty a wannan bakin. Wannan na tashi ɗaya ne. Don ya zauna, a shiga a matsayin root a buɗe /etc/default/grub, a tabbatar waɗannan suna ciki:

GRUB_CMDLINE_LINUX="console=ttyS0,115200n8"
GRUB_TERMINAL=serial
GRUB_SERIAL_COMMAND="serial --speed=115200 --unit=0 --word=8 --parity=no --stop=1"

Sannan a buga update-grub. Wanda ya manta wannan umarnin, gyaransa yana cikin fayil amma GRUB bai san da shi ba.

Injiniyan da farko "console serial" ya rubuta a layi na biyu, kamar yadda ake yi wa sabar da ke da allo da siriyal duka. Da aka sake tayarwa, kowane harafi na jerin GRUB ya fito biyu-biyu, kibiyoyi kuma wani lokaci su shiga wani lokaci su ɓace. Karar SeaBIOS ce ta sake dawowa: GRUB ya rubuta ta siriyal da kansa, ya kuma rubuta ta BIOS, SeaBIOS ya kwafe ya turo ta waya ɗaya, sannan su biyun suna wawason abin da aka danna. A apu2 serial kaɗai ake sawa.

Agogo

Saura Kiwix. Aka jona wayar malamin ta USB aka kunna raba intanet, aka ɗora ta a kan taga inda take kama sanda biyu. ip link ya nuna sabon suna, dhclient ya karɓo adireshi. A /etc/apt/sources.list, fayil ɗin da ke nuna wa apt, mai sauko da manhajoji, inda zai ɗauko su, aka sa # a gaban layin cdrom, aka ƙara:

deb http://deb.debian.org/debian bookworm main non-free-firmware

apt update ya ƙi, yana cewa fayil ɗin Release “is not valid yet”. Ba netwok ba ne. Umarnin date ya nuna shekarar da ta wuce da daɗewa. Ɗan batirin da ke riƙe agogon bod ya mutu, duk ɗaukewar wuta agogo yana komawa baya, kuma da yake an yi girkawar babu intanet, ba a sami inda za a daidaita shi ba. A wurin apt, fayil ɗin da aka sa wa hannu a kwanan da bai zo ba abin ƙi ne. Aka saita da date -s, aka rubuta shi cikin bod da hwclock --systohc, yankin lokaci Africa/Lagos. apt ya wuce, kiwix-tools ya sauka. Fayilolin Wikipedia masu nauyi dama a faifai aka kawo su daga Kano.

Sabar da za ta zauna babu intanet ba ta da mai gyara mata lokaci, don haka aka canza ɗan batirin a ranar, aka zare wuta na minti goma aka mayar don a ga ko agogon ya riƙe. Ya riƙe. Kebul ɗin dattijo aka rubuta masa “mai giciye, na saba” a jikin salatif, aka ɗaure shi da adaftar a cikin durowar da ke ƙarƙashin akwatin. A murfin akwatin kuma aka manna takarda: 115200, 8N1, Flow Control a kashe, kada a jona a soket ɗin inbata. Malamin ya zare komai, ya haɗa da hannunsa a laftof ɗinsa, ya shiga ta PuTTY har sau biyu kafin injiniyan ya hau babur.